Jirgin da Kawu Ya Saki

A ɗakinmu na unguwar Shumaisi ba a gama cin tuwo ba a taɓo maganar kogi ba, kuma kullum Kawu ne ke taɓo ta. Yayan mahaifiyata ne. Shi ya nemo mini bizar tuƙi na zo Riyad, shi ya raba ɗakinsa biyu ya ba ni katifa da bargo, saboda haka ba ni da bakin cewa na gaji da ji. Mutumin ƙasar Yawuri ne, daga wani gari a bakin kogin Kwara, kuma gidansu gidan Sarkawa ne, masu su da fito tun kaka da kakanni. Ni kuwa an haife ni inda aka kai mahaifiyata aure, can tudu, garin da in ka ga ruwa ya taru to a randa ne. Ɗan tudu yake ce mini, ko a gaban baƙi.

Ya fi shekara ashirin yana tuƙa motar wani gida a unguwar Ulaya. Ya kai yara makaranta, ya kai uwargida kanti, ya yi ta jiran su a inuwar dogayen benaye har yaran suka girma. A duk wannan zama bai shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba. Ko hutun da yakan je gida, da farar riga yake sauka, Alhaji ne, a shimfiɗa masa tabarma a zaure ya yi ta karɓar gaisuwa har ranar komowa. Tumbi ya fito, ciwon suga ya kama shi, in yana hawa matakalar gidanmu sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba waya. Amma a bakinsa har gobe shi ne saurayin nan da ke nutsewa gurbi ya daɗe har mata su fara salati, sannan ya ɓullo rungume da giwan ruwa. Nakan ce masa kifin nan ƙara girma yake duk shekara. Sai ya jefe ni da hula.

Ana nan sai wansa ya rasu, wanda ke riƙe da sarautar ruwa ta garin. Wannan sarauta ba ta zama kan buzu ba ce. Ranar buɗe su, sarkin ruwa ne ke fara shiga gurbi, duk gari na tsaye a gaɓa ana kallo. In jirgi ya kife ko yaro ya nutse, ƙofarsa ake bugawa, shi zai shiga ya nemo. Dattawa suka fara aiko wa Kawu saƙon murya: shi ne babba yanzu, ya zo kafin buɗe su a naɗa shi, in ba haka ba za su ba ɗan ƙanin babansu, wanda bai taɓa barin kogin ba. Kawu ya ce musu kafili ne, wato maigidan da bizarsa ke hannunsa, bai sake shi ba. Da suka sake aikowa ya ce igamarsa ce, takardar zaman ƙasa, ake sabuntawa. Ni kuwa na san tuni maigidansa ya ce masa duk ranar da ya so tafiya ƙofa a buɗe take.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci, rana na dukan mu, ya tsaya a inuwar wani shago ya ce, "Ɗan tudu, ba kafili ba ne. Ban sani ba ko ruwa ya san ni har yanzu. In na tai na amshi rawani, na shiga gurbi na kasa gaban gari duka, ina zan sa kaina? In kuma na tai na ce ban so, mi zan ce ya hana ni? Gara in zauna nan in yi ta tuƙa ɗiyan mutane."

Ban taɓa jin ya yi magana a hankali haka ba. Tausayinsa ya kama ni har muka ƙarasa gida.

Ni nawa maigidan likita ne, Dakta muke ce masa, yana zaune a unguwar Suwaidi. Lokacin da yake karatu a ƙasar waje ya koyo wata wahala da shi yake kira hutu: shiga ɗan ƙaramin jirgin roba mai suna kayak, wanda mutum ɗaya ke zurawa ciki har ƙugu, a bi ƙoramar da ke gangarowa daga duwatsu tana kumfa. A garejinsa jiragen suke rataye, ja da rawaya, a garin da babu kogi. Ranakun hutu sai in ɗora su a mota mu tafi istiraha, wato gidan shaƙatawa na bayan gari mai wurin wanka, ya yi ta kifewa yana tasowa don kada hannunsa ya manta. Da farko aikina in tsaya a ruwa in juyo shi in ya kasa. Daga baya ya gaji da wasa shi kaɗai, ya ce in shiga ɗaya jirgin. Na sha ruwan wurin nan har na san ɗanɗanon maganin da ake zuba masa. Amma na koya, har ya fara tafiya da ni duk inda ya ji labarin ruwa mai gudu.

Ranar da na nuna wa Kawu hotona a ciki, sai da ya ajiye cokali don dariya. "Wanga ba jirgi ba ne," in ji shi, "akushi ne. Kai kuma tuwon."

A shekarar nan aka yi ruwa mai yawa a duwatsun kudu. Dakta ya zo da zancen wani kwazazzabo da ƙorama ke bi ta cikinsa, mai nisa da kowace hanya, in an shiga sai an kwana a ciki kafin a fita ta ƙasa, ba mota, ba waya. Shi da wani abokinsa ne, wani dogon Bature injiniya, sai ni. Ana kuma bukatar na huɗu da zai tuƙa wani jirgi mai faɗi da ake hura wa iska, mai ɗaukar abinci da kayan kwana, kuma wanda ya yi alkawari ya janye. Na ba da labarin a ɗaki don kawai a yi hira. Washegari da la'asar sai ga Kawu a ƙofar gidan Dakta, sanye da jallabiyarsa ta Juma'a.

Dakta bai yarda nan take ba. Ya auna shi, ya tambayi maganinsa, ya kai shi istiraha ya ce ya shiga. Kawu ya tuɓe riga, ya tsaya a baki ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya zame ciki ba tare da ya tayar da ko ɗigo ba. Ya ratsa wurin ta ƙasa ya ɓullo a ɗaya gefen. Ni kaɗai na lura da yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka bayan nan. Dakta ya ce to, amma da sharaɗi: duk wuri mai wuya Kawu zai fita ya bi gaɓa da ƙafa, a zura jirgin da igiya.

"Kuma ka ji wannan da kyau, ya ammi," in ji shi, don haka yake kiran sa saboda girmamawa. "In ka kife, ka saki jirgin. Ka kwanta rairan, ƙafafu gaba, ka jira igiya. Jirgi a kanti ake sayen sa."

"Tayyib, tayyib," in ji Kawu, yana gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki.

Muna shiga mota ya ce, "Ka ji maganar wanda bai san ruwa ba?" Sai ya yi mini karatu. A Kwara, in kwale-kwale ya kife, itace ne, ba ya nutsewa. Wanda ya riƙe shi ya tsira ko da za a kai gari na gaba, wanda ya sake shi don ya yi iyo zuwa gaɓa shi ake nema kwana uku. Tun yaro bai iya tsarki ba ake koya masa wannan, da duka in ta kama. Basarke ba ya fitowa ruwa ya bar jirginsa. Wanda duk ya komo gida hannu biyu, mata za su sa shi a waƙar daka, jikokinsa ma sai sun ji ta. Na ce masa ruwan dutse daban ne, na gani da idona. Ya ce yaushe aka fara karɓar fatawar ruwa a wurin ɗan tudu.

Tafiya ce mai tsawo daga Riyad. Wani abokinmu mutumin Maraɗi ya bi mu don ya zagaya da motar ya jira mu a inda za mu fito. Ya sauke mu a ƙarshen wata hanyar ƙasa, ya leƙa ramin da za mu gangara, ya ce Allah ya shirye mu, ya juya. Muka bi hanyar awaki da jirage a kafaɗa. Tun kafin mu ga ruwan muka fara jin sa. Da muka iso, Kawu ya ajiye kayansa ya durƙusa a baki, ya yi bisimilla, ya wanke fuska, ya kurɓa, ya bar hannunsa a ciki ruwan na wucewa ta tsakanin yatsunsa. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri.

Yinin farko da dariya ya fara. Filafilin kayak baki biyu gare shi, ana tuƙi dama da hagu. Kawu ya durƙusa a bayan jirginsa yadda ya saba, ya yi ta tuƙi ta gefe ɗaya da wannan dogon abu, jirgin na juyawa da shi wuri guda. Bature ya yi ta nuna masa da hannu, shi kuma yana zagin filafilin da Hausa. Can ya gano ana raba shi biyu a tsakiya. Ya cire rabi ya cusa ƙarƙashin kaya, ya riƙe rabi, sai jirgi ya miƙe. Daga nan har yamma ina bayansa ina kallon kafaɗunsa. Yana tsoma filafili ya murɗa shi kaɗan a ƙarshe, ba fantsama, ba gaggawa. A ƙananan gangara yana wucewa yana kirari. Na yi murna ƙwarai, na ce a raina ashe duk labaran nan akwai gaskiya a cikinsu.

Da magariba muka sauka kan wani falalen dutse. Gwaggon birai suka jeru a saman kwazazzabo suna kallon mu, Kawu ya ce dangin babana ne suka zo gaishe ni. Shi ya ja mu salla, shi ya dafa shayi. Amma da ya miƙo mini kofi na ga hannunsa na rawa har shayin na zuba. Ya ga na gani. Ya ce sanyi ne, ya juya baya ya sha maganinsa.

Washegari kwazazzabon ya tsuke. Bango ta dama, bango ta hagu, sama ta koma siririya, ƙarar ruwa ta cika wurin har sai an yi magana da hannu. Aikin ya koma fita da shiga: a tsaya, Dakta da Bature su hau dutse su duba gaba, su dawo su ce nan a bi, can a ɗauka. Mun ɗauki jirage a ka fiye da yadda suka ɗauke mu. Kawu na bin gaɓa yadda aka yi sharaɗi, yana gunaguni, gwiwoyinsa na ƙara. Ni na kife sau da yawa, na taso wasu, wasu aka jawo ni. Duk lokacin da na fito ina tari sai in ji muryarsa daga kan dutse yana tambaya ko tuwon ya jiƙa. Da yamma ruwan ya canja launi ya koma jaja-jaja, alamar an yi ruwa can sama. Dakta ya sa muka hau da kayanmu nesa da baki, ya kafa tsinke a yashi don ya ga ko yana ƙaruwa.

Da safe ruwan ya ɗan janye, amma bai koma yadda yake ba. Bayan mun yi tafiya kaɗan muka iso wata gangara mai sauƙi, irin waɗanda Kawu ya riga ya wuce da yawa. Matsalar tana ƙasa da ita. Can gaba ƙoramar duka tana faɗawa tsakanin wasu manyan duwatsu biyu ta shige ƙarƙashinsu, wurin da ko Dakta bai yi mafarkin bi ba. Dabarar ita ce kowa ya sauko gangarar ya karkata hagu, ya shiga wani lungu a bayan dutse inda ruwa ke kwance, a fita a ɗauki jirage. Bature ya fara sauka ya fita ya tsaya da jakar igiya. Dakta ya bi. Na bi, na shiga lungun, na juyo ina kallon Kawu.

Ya taho daidai. A tsakiya ne gefen jirginsa ya hau wani dutse da ruwa ya rufe, kayan suka rinjaya, jirgin ya tashi tsaye ya kife. Na ga hular kwanonsa ta ɓace, ta ɓullo. Ya fito da sauri, kuma hannunsa biyu na kan igiyar da ke zagaye da jirgin. Ya riƙe ta gam, ya manna ƙirjinsa a jikin robar, ya sa kai ƙasa, yadda aka koya masa tun yana yaro. Jirgin da kayansa suka wuce bakin lungunmu suna jan sa zuwa duwatsun.

Bature ya jefa igiya. Jifa ce mai kyau, ta sauka a kafaɗar Kawu ta kwanta a kan damtsensa. Abin da ya rage kawai ya ɗaga hannu ya kama. Bai ɗaga ba. Dakta na ihu da Larabci ya saki, Bature na ihu da nasa yaren, igiyar na zamewa a hankali daga kafaɗarsa. Na fita daga jirgina ban san lokacin ba, na bi kan duwatsu ina tuntuɓe har na zo daidai da shi. Na ga fuskarsa. Ba ruɗewa ya yi ba, yana cikin hankalinsa sarai, abin da ya sani ne yake yi.

Na ce, "Kawu, saki!" Ko kallo na bai yi ba.

Tsoro ya cika ni har na ji haushinsa. Na buɗe murya iyakar ƙarfina na ce, "Roba ce, Kawu! Ba jirgin Kaka ba ne! Roba ce!"

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya dubi abin da ke hannunsa. Ya buɗe hannun dama ya cafke igiyar Bature saura kaɗan ta wuce, ya buɗe na hagu. Igiyar ta miƙe, Dakta ya rungume ƙugun Bature, ruwan ya karkato da Kawu zuwa gaɓa kamar buhu. Jirgin kuwa ya tafi. Muna kallo ya faɗa tsakanin duwatsun, ya naɗe biyu, ruwa ya danna shi ƙasa. Wani gefensa rawaya ya ɗan leƙo, daga nan ba mu ƙara ganin sa ba.

Muka jawo Kawu kan yashi. Ya yi amai, ya kwanta. Dakta ya duba shi ko'ina, ya ce ba karaya, sai ƙujewa a gwiwa da tafin hannu. Ya sumbaci kansa yana ta hamdala, ya ce laifinsa ne da bai sa shi ya bi gaɓa ba. Kawu bai ji shi ba. Ya zauna ya buɗe tafukansa a kan cinya yana kallon su.

"Babana har ya mutu bai taɓa sakin jirgi ba," in ji shi.

Na ce, "Babanka bai taɓa shiga ramin nan ba."

"Ba shi ne ba, ɗan tudu." Numfashinsa na fita da ƙara. "Ko ba ka yi magana ba, hannun ya gama. Ina ji yana buɗewa da kansa. Ɗan wanga riƙo, da a da ne ko zufa ban yi."

Na zauna kusa da shi. Na so in ce masa ruwan ne ya yi ƙarfi, amma ya fi ni sanin abin da ya ji a hannunsa, kuma ba ranar da zan yi masa ƙarya ba ce.

Tukunya da shinkafa da barguna duk sun tafi da jirgin. Abin da ya rage dabino ne da ɗan biskit da ke cikin ƙananan jiragenmu, sai maganin Kawu da wayoyinmu da Dakta ya adana a nasa. Mun kwana a kan dutse da rigunan ruwa a jiki, muna matse da juna. Sauran tafiyar Kawu da ƙafa ya yi ta inda akwai gaɓa. Inda bango ya sauko har cikin ruwa kuwa, ba yadda za a yi sai a ja shi. Dakta ya ce ya kama bayan nasa jirgin. Kawu ya ce a'a, na ɗan ƙanwarsa zai kama. Haka na yi ta tuƙi a dogayen guraben nan masu sanyi, ɗan sarkin ruwa na rataye a bayana, ina jin nauyinsa a kowane ja. Bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Wannan shirun ya fi yunwar damu na.

A gurbi na ƙarshe, da muka hango inda kwazazzabon ya buɗe da hanyar da za mu hau, sai na ji jirgina ya yi sauƙi. Na juya a tsorace. Ya sake ni ne, yana iyo da kansa, a hankali, kansa a sama. Iyon nan nasa mai kyau yana nan, ba abin da ya taɓa shi. Amma bai kai rabi ba ya juya ya kwanta rairan, rigar ruwa na riƙe da shi, yana kallon sama yana mayar da numfashi. Na koma na tsaya kusa da shi. Ya ce, "Ka gani? Da yaro ne ya nutse a nan, da sai dai a yi haƙuri." Ya miƙo hannu ya kama jirgina, na ƙarasa da shi.

Mutumin Maraɗi na jiran mu a sama da ruwan sha da burodi. Ya ƙirga mu, ya ƙirga jirage, ya buɗe baki zai yi tambaya, na girgiza masa kai. Sai da muka hau kan tudu sosai wayoyi suka fara ƙara. Kawu ya ce a tsaya. Ya fita ya tsaya a bakin hanya, ba takalmi a ƙafa ɗaya, ya kira babban dattijon garinsu. Ina kusa, na ji komai. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Baba, ku naɗa shi. Shi ka cikin ruwa, ni na daɗe da fita. A'a, ba kafili ba ne, ni ne. Na gwada na gani." Ya saurara. Sannan ya ce, "Ina zuwa. Ni zan riƙe mai rawani ranar naɗi. Kafin buɗe su ina gida, in Allah ya so."

Shekarun da na yi tare da shi ban taɓa jin ya faɗi lokacin komawa ba, kullum sai dai baɗi.

Da muka dawo Riyad bai ɓata lokaci ba. Ya nemi takardar fita ta ƙarshe daga ƙasar a wurin maigidansa, yaran da ya yi wa tuƙi tun suna ƙanana suka zo har Shumaisi yi masa bankwana, ɗaya har da kuka. Ya je wurin Dakta ya ce yana so ya biya jirgin, Dakta ya rantse in ya ƙara faɗa za su ɓata. Ya bar mini butar shayinsa da fankarsa da rabin ɗakin da ya zama nawa duka. A filin jirgi na ce masa ba sai kowa ya ji abin da ya faru a kwazazzabo ba, ni dai bakina alekum. Ya dube ni ya ce, "Ɗan tudu ke nan."

Ashe shi da kansa ya ba da labarin, a zaure, ranar da ya sauka, tun kafin ya gama shan ruwa. Mahaifiyata ce ta gaya mini a waya. Ta ce an yi naɗi lafiya, shi ya riƙe rawanin, kuma ranar buɗe su yana tsaye a gaɓa cikin jama'a da tsohuwar riga, wandonsa naɗe har gwiwa. Ta ce kullum da safe yana bakin kogi, ya rame, ya yi baƙi, yana cin abinci kamar ba shi ba.

Bayan 'yan makonni ya aiko mini saƙon murya. Ina cikin cunkoson Ulaya da la'asar, zan ɗauko Dakta, na buɗe. Babu gaisuwa. Ƙarar taɓare ce kawai, da muryoyin matan gidansu suna waƙar mutumin da ya je ƙasar da ba kogi ya baro jirginsa can. Suna yi suna shewa. A kusa da wayar ina jin dariyar Kawu, irin wadda yake yi har ya ƙware, daga baya dariyar ta tsaya, sai jan hanci. Can ƙarshe ya kawo bakinsa kusa ya ce, "Ka ji abin da ka jawo mini? Allah ya yi maka albarka."

Fitila ta ba da hannu, na baya suka yi ta danna mini hon. Ni kuwa na kasa ganin titi, sai da na goge idona da hannun riga sannan na ja motar.